Mahaifina ya ajiye na'urar jinsa bayan kwana huɗu: mu sayi mai tsada, ko akwai magani?

Tambaya: Mahaifina yana da shekara 74. Kusan shekara shida ke nan jinsa yana raguwa, yana cewa yana jin muryarmu amma ba ya gane abin da muke faɗa. Mun saya masa na'urar ji, ya sa ta kwana huɗu ya cire, ya ce hayaniya kawai take ƙara masa. Wasu sun ce mu sayi wadda ta fi tsada, wasu sun ce akwai maganin ɗigawa da ke dawo da ji. Ni kuma na karanta cewa rashin ji yana jawo gigin tsufa, hankalina ya tashi. Me binciken likitoci ya tabbatar?

Amsa: Malama, Allah Ya ƙara wa Baba lafiya, Ya saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya. Bari in fara da abin da na fi tabbata da shi bayan shekarun da na yi ina gwada jin mutane ina daidaita musu na'ura. Dattijon da ya cire na'urar ji bayan kwana huɗu ya ce hayaniya take ƙara masa, galibi gaskiya ya faɗa, kuma ƙarin kuɗi da wuya ya gyara lamarin. Abin da ke raba na'urar da ake sawa kullum da wadda ke ƙarewa a cikin durowa shi ne ko an auna jin mai ita, an saita ta a kan wannan awon, sannan an sake auna sautin da take zubawa a cikin kunnensa. Ban ga kin ambaci ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, don haka a kansu zan fi tsayawa.

Ƙorafin Baba yana da tushe a halittar kunne. Sauti yana shiga ta ramin kunne ya kaɗa dodon kunne, wasu 'yan ƙasusuwa uku su miƙa kaɗawar zuwa wata gaɓa mai siffar katantanwa da ke can ciki, cike da ruwa. A cikin katantanwar akwai ƙwayoyin halitta masu 'yan gasu a kansu, kimanin 3,500 a layin ciki da kimanin 12,000 a layukan waje, kuma ta hanyarsu motsin ruwan ke zama saƙon da jijiyar ji ke kai wa ƙwaƙwalwa. An jera su ne bisa nau'in sauti: na bakin katantanwar suna karɓar siraran sautuka, na can ƙuryarta suna karɓar masu kauri. Tsufa da yawan hayaniya na bakin suke fara ci. To, wasulan magana da karin sautinta suna cikin sautuka masu kauri da ƙarfi, su kuwa baƙaƙe irin su s da sh da f da ts da t sirara ne marasa ƙarfi. Shi ya sa idan kika ce "fata" zai iya jin "sata", idan kika ce "shiga" ya ɗauka "fita" kika ce, domin wasulan da hawa da saukar muryar sun iso masa daidai, baƙaƙen da ke bambanta kalmomin ne suka zube a hanya.

Akwai abu na biyu da 'yan uwa ba su cika sani ba. Aikin ƙwayoyin layukan waje shi ne ƙarfafa sauti mai rauni. Idan suka mutu, sauti mai rauni ya ɓace, amma mai ƙarfi yana nan da ƙarfinsa, har ya kan kai ga cutarwa. Tazarar da ke tsakanin "ban ji ba" da "kin cika min kunne" sai ta ƙuntata ƙwarai. Wannan ne ya sa ɗaga masa murya ke ɓata masa rai ba tare da ya ƙara fahimta ba, kuma shi ne ya sa duk na'urar da ke ƙara kowane sauti bai ɗaya take zame masa azaba: ƙarar ƙofa da ta fanka su haura iyakar da zai iya jurewa, baƙaƙen da yake nema kuma ba su iso ba.

Kafin a sake taɓa wata na'ura, a kai Baba wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ko wurin masanin ji, a yi masa cikakken gwaji. Za a leƙa kunnen da fitila, a gwada motsin dodon kunne, sannan a zaunar da shi a ɗaki marar hayaniya a riƙa aika masa sautuka daga mai girgiza 250 a sakan har zuwa mai 8,000, ana neman mafi ƙanƙantar ƙarfin da yake iya ji a kowanne. Ana yin wannan ta ramin kunne, a sake yi ta ƙashin bayan kunne, domin bambancin sakamakon biyun ne ke nuna ko matsalar tana hanyar da sauti ke bi ko tana cikin katantanwar kanta. Idan a hanya take, kamar dauɗar kunne da ta toshe rami, ko ruwa a bayan dodon kunne, ko hujewar dodon, ko daskarewar ɗaya daga cikin ƙasusuwan nan, sau da yawa wankewa ko magani ko tiyata na dawo da ji. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, idan mafi ƙanƙantar sautin da mutum ke ji bai kai desibel 20 ba (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) ji ne lafiyayye, 20 zuwa 34 rauni ne kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaici, daga 65 kuwa mai tsanani ne. A ƙarshe a gwada yawan kalmomin da yake iya maimaitawa idan an ƙara musu ƙarfi, domin wannan ne ke nuna iyakar abin da na'ura za ta iya yi masa.

Zan ɗan karkata saboda sauran masu karatu, domin akwai raunin ji guda da ba ya jira. Wanda ya wayi gari kunnensa ɗaya ya toshe farat ɗaya, ko jinsa ya faɗi cikin kwana uku, musamman da ƙugi a kunnen ko jiri, ya nemi likita a ranar. Mutane da yawa suna ɗauka dauɗa ce ko mura, su zauna jira har lokaci ya ƙure. Ƙa'idar likitocin kunne na Amurka ta 2019 ta ce maganin sitiroid a cikin mako biyu na farko ake ba da shi, kuma wani gwaji na mutum 250 da aka wallafa a 2011 ya nuna cewa allurar maganin ta cikin dodon kunne ba ta gaza ƙwayoyin sha ba, abin da ke da amfani ga mai ciwon sukari. Haka nan raunin da ya fi yawa a kunne ɗaya yana bukatar hoton ƙwaƙwalwa don a tabbatar babu ƙari a kan jijiyar ji.

Batun maganin ɗigawa kuwa, zan faɗa miki kai tsaye duk da na san ba daɗin ji: a yau babu wani maganin ɗigawa ko na sha ko allura da aka tabbatar yana dawo da jin da tsufa ko hayaniya suka cinye, domin ƙwayoyin nan masu gashi na kunnen ɗan Adam idan sun mutu ba sa sake tsirowa. Masu bincike ba su yi kwance ba. Tun a 1988 aka gano cewa tsuntsaye suna sake tsirar da nasu, kuma daga nan ake neman hanyar tayar da irin wannan baiwa a kunnen mutum. Wani kamfanin Amurka, Frequency Therapeutics, ya kai maganinsa FX-322 har matakin gwaji a kan mutane, amma a watan Fabrairu na 2023 sakamakon ya nuna bai fi allurar da ba magani a cikinta ba, aka dakatar da shi. Nasarar da ta faranta mana rai ta zo ne daga wani ɓangare. A watan Janairu na 2024 mujallar Lancet ta wallafa gwajin da aka yi a asibitin ido da kunne na Jami'ar Fudan da ke Shanghai, inda aka zuba ingantacciyar ƙwayar gado mai suna OTOF a katantanwar yara shida da aka haifa kurame, biyar suka fara ji. Sai dai su waɗannan yara ƙwayoyin gashinsu suna raye, sinadarin da ke miƙa saƙo ga jijiya ne kawai babu, kuma irin wannan kurumta kaso kaɗan ce ko a cikin ta gado. Ba ta shafi Baba ba. Abin da ya shafe shi shi ne kiyaye jin da ya rage. Allurai irin su jentamaisin da amikasin da kanamaisin, da maganin ciwon daji sisfilatin, suna iya kashe ƙwayoyin gashi, don haka duk likitan da zai rubuta masa magani a sanar da shi halin kunnensa, kuma kada a ɗiga masa komai sai an leƙa an ga dodon kunnen bai huje ba.

Ita na'urar ji kuwa hujjar amfaninta tana da ƙarfi. A 2017 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tace gwaje-gwajen likitanci, ta tattara gwaji biyar da aka raba mutum 825 ta hanyar ƙuri'a, ta tarar cewa ga manya masu rauni kaɗan zuwa matsakaici na'urar tana inganta sauraro da shiga cikin mutane da jin daɗin rayuwa. Duk da haka rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce cikin masu bukatarta a duniya kashi 17 cikin ɗari ne kawai ke amfani da ita, a lokacin da mutum miliyan 430 ke da raunin da ke bukatar kulawa.

Game da tsada, Farfesa Robyn Cox da abokan aikinta a Jami'ar Memphis sun yi gwajin da ya kamata duk mai niyyar saye ya san da shi. Sun ba dattawa 45 na'urori na kamfanoni biyu, daga kowane kamfani mafi tsada da mafi sauƙin kuɗi, kowane nau'i mutum ya sa wata guda a rayuwarsa ta yau da kullum ba tare da ya san wanne ne a kunnensa ba, kuma dukkansu an saita su da kulawa iri ɗaya. Sakamakon da suka wallafa a 2016 ya nuna cewa duka nau'ukan sun taimaka sosai, amma babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin mai tsada da mai sauƙi wajen fahimtar magana ko jin daɗin rayuwa. A Jami'ar Manchester kuma, a 2011, Piers Dawes da Kevin Munro da abokiyar aikinsu sun ba mutum 20 na'urori biyu iri ɗaya sak, aka ce musu ɗaya sabuwar fasaha ce ɗaya tsohuwa, kashi 75 cikin ɗari suka zaɓi wadda aka kira sabuwa. Ba laifinsu ba ne, haka zuciyar kowa take da abin da aka yaba mata. Amma ya isa ya nuna cewa jin daɗin minti goma na farko a gaban mai sayarwa ba ma'auni ba ne. Mai tsada tana da abubuwan sauƙaƙa rayuwa, kamar batir mai caji da haɗuwa da waya, kuma wanda yake so yana da hali ba a hana shi ba, sai dai ba su ne za su dawo wa Baba da baƙaƙensa ba.

Abin da zai dawo da su shi ne saiti. Kamar yadda tabarau ke da lamba, na'urar ji ma tana da lissafin da ke faɗin yawan ƙarin da kowane sauti ke bukata bisa sakamakon gwajin mutum. Lissafi biyu ne suka fi karɓuwa a duniya: NAL-NL2, wanda cibiyar binciken sauti ta ƙasar Ostireliya ta fitar a 2011, da DSL na Jami'ar Western da ke Kanada, wanda aka fi amfani da shi ga yara. Manufar na farko ita ce a sa magana ta fito fili gwargwadon iko ba tare da ƙarfin sautin ya wuce yadda mai lafiyayyen kunne ke jinsa ba. Yana ba sauti mai rauni ƙari mai yawa, matsakaici ƙari daidai, mai ƙarfi ƙari kaɗan ko babu, domin duka su shiga cikin ƙuntatacciyar tazarar nan da na ambata. Yana rage wa sabon shiga ƙarfi kaɗan, kuma yana da zaɓi na musamman ga masu magana da harsunan da karin sauti ke canza ma'anar kalma a cikinsu, inda yake ɗan ƙara wa sautuka masu kauri. Hausa tana cikin irin waɗannan harsuna, don haka a ganina ya dace ki tambayi mai saitin ko ya lura da wannan zaɓi.

To amma a nan gizo ke saƙar. Kwamfutar kamfani tana lissafa saitin farko ne a kan kunnen da ta ƙiyasta, alhali ramin kunnen kowa da tsawonsa da faɗinsa da lanƙwasarsa. Ramin kunnen baligi, idan a buɗe yake, da kansa yana ƙara wa sautuka masu girgiza wajen 2,700 a sakan kimanin desibel 15, kuma da zarar an toshe shi da na'ura wannan kyauta ta tafi, sai an biya ta. Hanya ɗaya ce ta sanin abin da ke isa dodon kunne, wato a auna a wurin. Ana zura wani siririn bututun roba mai laushi, bai kai kaurin tsinken ashana ba, har bakinsa ya rage kimanin milimita 5 ya taɓa dodon kunne, ɗaya bakin kuma yana haɗe da ƙaramin makirfo. Sai a sa na'urar a kansa, mutum ya zauna yana fuskantar lasifika, a saki magana a hankali, a sake ta da matsakaicin ƙarfi, a sake ta da ƙarfi. Maganar da aka fi amfani da ita an harhaɗa ta ne daga muryoyin mata shida masu harsuna shida, ciki har da Larabci da Faransanci da Sinanci, don kada awon ya karkata ga harshe ɗaya. A kan allo layi biyu ne ke fitowa, na abin da lissafi ya nema da na abin da na'urar ke bayarwa, mai saiti ya yi ta gyara har tazararsu ta dawo cikin desibel 5. Daga nan a saki sauti mai ƙarfi sosai a tabbatar na'urar ba za ta wuce abin da mutum ke iya jurewa ba. Duka aikin bai cika wuce minti goma sha biyar ba, kuma ba ya da zafi, sai ɗan ƙaiƙayi.

Na taɓa karɓar wani dattijo da ɗansa ya kawo, na'urorin biyu suna cikin akwatinsu kamar ranar da aka saye su. Shi kansa ya yanke ƙauna, ya ce kunnensa ne ya ƙi. Da na zura bututun na saki maganar, sai layin na'urar ya haura abin da ake nema a ɓangaren sautuka masu kauri, ya kuma faɗi ƙasa da shi da wajen desibel 15 a ɓangaren sirara. Wato an ƙara masa abin da dama yake ji, an bar shi da rashin abin da ya rasa. Bayan gyara na ce ɗan ya koma bayansa, inda ba zai ga leɓɓansa ba, ya kira kalmomi da muryar hira. Dattijon ya maimaita su ɗaya bayan ɗaya, sai ya yi shiru, ya miƙa hannu ya ɗauki takardar da ke kan tebur ya murza ta kusa da kunnensa, ya ce ya manta takarda tana da ƙara.

Labari ɗaya ba hujja ba ne, don haka ga abin da gwaji ya nuna. A 2018 Michael Valente da abokan aikinsa a Jami'ar Washington da ke St. Louis sun sa mutum 24 sun gwada saitin kamfani da saitin da aka auna a kunne, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. Saitin da aka auna ya fi wajen gane kalmomin da aka faɗa a hankali, kuma kashi 79 cikin ɗari shi suka zaɓa. Wani nazari na 2021 daga Manchester da ya haɗa irin waɗannan gwaje-gwaje ya tabbatar da fifikon, ko da yake ya ce a matsakaici fifikon ba mai girma ba ne. Na yarda da hakan, kuma na san dalili: ga wanda kunnensa ya yi kusa da ƙiyasin kwamfuta bambancin kaɗan ne, ga wanda ya yi nisa kuwa shi ne bambancin sawa da ajiyewa, kuma ba a sanin wanne ne Baba sai an auna. Adalci ya sa in kawo hujjar ɗaya ɓangaren ma. A 2017 Larry Humes na Jami'ar Indiana ya gwada mutum 154 masu shekara 55 zuwa 79, ya tarar cewa waɗanda suka zaɓi na'ura da kansu daga cikin saituka da aka riga aka tsara sun amfana kusan kamar waɗanda ƙwararre ya saita wa, sai dai na wurin ƙwararren sun fi gamsuwa kuma sun fi son riƙe na'urar. Irin wannan bincike na cikin abin da ya share hanya har Amurka ta halatta sayar da na'urar ji ba da takardar likita ba daga 17 ga Oktoba, 2022, ga manya masu rauni kaɗan zuwa matsakaici. Amma mutanen Humes an gwada jinsu tukuna, na'urorin masu inganci ne, saitukan kuma an gina su a kan lissafin da na ambata. Wannan daban yake da ƙaramin abin ƙara sauti da ba a saita shi ga kowa ba.

Ko an saita daidai, kwana huɗu ba su isa ba. Ƙwaƙwalwar da ta shekara shida a cikin shiru ta manta da ƙarar takalmi da ta ruwa da ta numfashi, kuma idan suka dawo lokaci guda duka take saurara, har sai ta sake koyon waɗanda za ta yi watsi da su. Wannan yana ɗaukar makonni, kuma sawa kullum daga safe zuwa dare ne ke kawo shi. Wanda ke ajiye na'ura sai zai shiga taro, kullum sabon shiga ne, kuma a wuri mafi wahala yake gwada ta. Ya fara a gida, da mutum ɗaya ko biyu. Idan ya ce muryarsa tana yi masa kamar yana magana a cikin randa, toshewar ramin kunne ce, ana gyara ta da huda 'yar kafar iska ko canza robar bakin. Idan tana fito, ba ta zauna daidai ba ne ko dauɗa ta taru. Idan ta yi shiru kwatsam, a fara duba 'yar matatar da ke bakinta kafin a ce ta lalace. Idan kunnuwan biyu ne suka raunana, biyu ya kamata ya sa, domin da kunne biyu ƙwaƙwalwa ke gane inda sauti ya fito ta ware murya daga hayaniya. A koma wurin mai saiti bayan mako biyu zuwa huɗu. Yawancin na'urorin yanzu suna adana adadin sa'o'in da aka sa su, kuma wannan lamba tana taimaka mana mu san inda gyara yake.

Kada kuma a yi wa Baba alƙawarin abin da na'ura ba ta iyawa. Tana ƙara sauti ne ta aika cikin katantanwar da ta riga ta lalace, saboda haka a cikin taro mai hayaniya zai ci gaba da shan wahala fiye da ke. Makirfo mai fuskantar gaba yana rage hayaniyar baya da 'yan desibel, amma abin da ya fi shi nesa ba kusa ba shi ne ƙaramin makirfon da mai magana ke maƙalawa a wuyan riga, yana aika murya kai tsaye zuwa na'urar. Idan kuwa gwaji ya nuna raunin ya kai desibel 60 a kunnen da ya fi kyau, kuma kalmomin da yake ganewa ba su wuce kashi 60 cikin ɗari ba, to lokaci ya yi da za a duba ko ya dace da dashen na'ura a cikin katantanwa, wadda ke tsallake matattun ƙwayoyin ta taɓa jijiyar da lantarki. Graeme Clark ya yi dashensa na farko na irinta mai layuka da yawa a Melbourne a 1978, kuma yawan shekaru kaɗai ba ya hana a yi wa mutum.

Saura abin da ya tayar miki da hankali. Gaskiya ne akwai alaƙa tsakanin raunin ji da gigin tsufa. A 2011 Frank Lin na Jami'ar Johns Hopkins ya wallafa bibiyar mutum 639 ta kusan shekara 12, inda haɗarin cutar ya kusan ninka biyu ga masu rauni kaɗan, uku ga matsakaici, kusan biyar ga mai tsanani. Kwamitin mujallar Lancet kan gigin tsufa ya sa raunin ji a sahun gaba na abubuwan haɗarin da za a iya magancewa, ya ƙiyasta masa kashi 8 cikin ɗari na masu cutar a 2020, kashi 7 a 2024. Amma tafiyar abu biyu tare ba ta tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗayan, domin lalacewar jijiyoyin jini na iya taɓa kunne da ƙwaƙwalwa a lokaci guda. Don warware wannan aka yi gwajin ACHIEVE, wanda ya fito a 2023. An raba mutum 977 masu shekara 70 zuwa 84 ta ƙuri'a, rabi aka ba su na'ura da kulawar masanin ji, rabi aka ba su darussan kiwon lafiyar tsufa, aka bi su shekara uku. A jimlace babu bambanci a raguwar tunani. Sai dai a cikin mutum 238 da suka shigo daga wani tsohon binciken ciwon zuciya, waɗanda suka fi tsufa kuma suka fi abubuwan haɗari, saurin raguwar tunanin ya ragu da kashi 48 cikin ɗari ga masu na'ura. Yadda nake karanta wannan shi ne: duk wanda ya ce miki na'urar ji tana hana gigin tsufa ya wuce inda hujja ta tsaya, amma akwai alama mai ƙarfi cewa tana kare waɗanda suka fi rauni. Yawancin masu raunin ji ba sa kamuwa da cutar. Ina roƙonki kada ki tsorata Baba da ita don ya sa na'ura. Dalilin da aka tabbatar ya wadatar, wato ya dawo cikin hirar iyalinsa maimakon ya zauna a gefe yana gyaɗa kai ga zancen da bai ji ba.

Ki ɗauki na'urar da kuka riga kuka saya ku tafi da ita wurin gwajin. Bayan an leƙa kunnen an auna jin, ki tambaya ko irin wadda ake iya saitawa da kwamfuta ce kuma ƙarfinta ya dace da rauninsa. Idan haka ne, babu bukatar sabuwa. Ki tambaya da wane lissafi za a saita ta, ko za a auna da bututu a cikin kunnensa, da kuma ranar da za ku dawo a sake dubawa. Ki karɓi kwafin sakamakon gwajin ki adana, domin da shi za a gwada na baɗi. Kafin ranar, ku riƙa kiran hankalinsa kafin ku fara magana, ku fuskance shi a inda haske ke kan fuskarku, ku kashe rediyo ko talabijin, ku yi magana a tsanake ba da ihu ba. Idan bai gane jimla ba, a sake faɗinta da wasu kalmomin, domin maimaita ta yadda take baƙaƙen da suka ɓace masa ɗazu ne za su sake ɓacewa.